Shin zanen Thomas Nast ne ya kayar da Tweed?

Tambaya: Malam, na ji ana ba da labarin wani mai zanen barkwanci a Amurka wanda ya kayar da ubangidan siyasar birnin New York da alƙalaminsa kawai, har ma da zanensa aka gane mutumin bayan ya tsere ƙasar waje. Wane ne wannan mai zane, kuma da gaske zane yana iya wannan aiki?

Amsa: Mai zanen shi ne Thomas Nast, ubangidan siyasar kuma William Tweed, wanda shi da mutanensa suka wawure kuɗin birnin New York. Labarin da ka ji yana da tushe, sai dai masu ba da shi sun rage masa mutane. Ba Nast ne ya bankaɗo satar ba, ba kuma shi ya kai Tweed kotu ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki satar da ke kwance cikin lissafin da talaka ba zai iya bi ba, ya liƙa mata fuska, ya kuma hana mutane mantawa da fuskar. Wannan aiki ne babba, kuma a ganina ya fi tatsuniyar ban sha'awa.

An haifi Nast ranar 27 ga Satumba 1840 a garin Landau na ƙasar Jamus. Mahaifinsa mai busa ne a badujalar soja. A 1846 mahaifiyarsa ta kawo shi New York tare da 'yar'uwarsa, uban ya biyo su daga baya. Karatun boko bai karɓe shi ba, har ya girma rubutun Turancinsa cike yake da kurakurai, amma hannunsa ya faɗa a zane tun yana yaro. Yana da shekara 15 ya samu aiki a jaridar hotuna ta Frank Leslie. A 1860 aka tura shi Ingila ya zano wani gagarumin dambe tsakanin Heenan ɗan Amurka da Sayers ɗan Ingila, daga can ya zarce Italiya ya bi rundunar Garibaldi yana zana yaƙin haɗe ƙasar. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, ya zama ma'aikacin mujallar Harper's Weekly, inda zai shafe kusan shekara 25 ya fitar da zane sama da 2,000.

Sai ka san yadda ake buga hoto a wancan zamani kafin ka gane daga ina ƙarfinsa ya fito. Akwai kyamara, amma injin buga jarida bai iya ɗaukar hoton kyamara ba tukuna. Duk hoton da mai karatu zai gani sai an zana shi da hannu. Nast yakan zana kai tsaye da fensir a kan allon katako mai tauri, kuma a juye, dama ta koma hagu, domin idan an buga ya fito daidai. Daga nan masu sassaƙa su ɗauki ƙananan kurfi su ƙwaƙule duk inda babu layi, su bar layukan a tsaye don su sha tawada. Idan hoton babba ne, allon gunduwa-gunduwa yake, a raba wa masassaƙa daban-daban, kowa ya gama nasa sannan a ɗaure su da kusoshi. Shi ya sa idan ka ƙura wa zanensa ido za ka ga duhun da ke ciki ba shafe ba ne, siraran layuka ne masu gittawa da juna, dubbai. Wannan duhu mai nauyi ya dace da halin mutumin. Zanen Nast ba kasafai yake ba da dariya ba. Fushi ne a cikinsa, da zargi.

Yaƙin basasa ne ya fito da sunansa. A watan Agusta 1864 jam'iyyar Democrat ta yi taronta a Chicago, ta ce yaƙin ya gaza, a nemi sulhu da jihohin Kudu masu riƙe da bayi. A fitowar mujallar mai ɗauke da ranar 3 ga Satumba Nast ya caccaki wannan ra'ayi da zane guda: sojan Arewa mai yankakkiyar ƙafa, bisa sanduna, kansa a sunkuye, yana miƙa hannu ga sojan Kudu wanda ya ɗora takalminsa a kan kabarin waɗanda suka mutu a yaƙin, ga wata mace mai wakiltar ƙasa ta durƙusa tana kuka, can gefe kuma ga iyalin baƙar fata an mayar da su cikin sarƙa. 'Yan jam'iyyar Republican sun sake buga shi da yawan gaske suka yi yaƙin neman sake zaɓen Shugaba Abraham Lincoln da shi. Amma ka lura da abin da ya faru a wannan makon: sojojin Janar Sherman sun ci birnin Atlanta ranar 2 ga Satumba. Nasarar fagen daga ce ta juya zaɓen, zanen ya ba mutane hoton abin da suka fara ji a ransu. Ana yawan cewa Lincoln ya kira Nast gwanin jawo matasa shiga soja, sai dai maganar ta yaɗu ne bayan rasuwar Lincoln, don haka a riƙe ta da sassauci.

Yanzu ga Tweed. Tammany Hall ƙungiya ce da ke riƙe da jam'iyyar Democrat a New York. Ƙarfinta yana wurin baƙin haure talakawa, musamman 'yan Ayilan mabiya Katolika da yunwa ta koro daga ƙasarsu. Mutum ya sauka daga jirgi ba shi da kowa, ɗan Tammany ne zai nemo masa aiki, ya yi masa hanyar takardar zama ɗan ƙasa, ya kawo masa kwal lokacin sanyi, ya yi belin ɗansa idan 'yan sanda sun kama shi. Ladan da ake nema ƙuri'a ce. Inda ƙuri'ar ba ta isa ba a yi aringizo. Tweed ne shugaban wannan tsari, tare da mutum uku: magajin gari Oakey Hall, mai riƙe da baitulmalin birni Richard Connolly, da Peter Sweeny mai ƙulla dabaru. Hanyar satarsu ba ta da wuyar fahimta. Ɗan kwangila ya ninka kuɗin aikinsa, gwamnatin birni ta biya, shi ya ɗauki ƙaramin kaso ya mayar musu da sauran. Ginin kotun birnin, wanda aka fara yi wa kasafin dala 250,000, ya lanƙwame sama da dala miliyan 12. Wani mai shafen bango, Andrew Garvey, an rubuta masa fiye da dala 130,000 a matsayin ladan aikin kwana biyu. Kwamitin majalisar birnin da ya yi bincike a 1877 ya ƙiyasta abin da aka sace tsakanin dala miliyan 25 zuwa 45, wasu daga baya sun kai ƙiyasin har miliyan 200.

Ga abin da masu ba da labarin suke tsallakewa. Nast ya daɗe yana caccakar waɗannan mutane kafin 1871, kuma ko gezau. A zaɓen 1870 suka sake lashe kujerunsu. Har wani kwamitin manyan attajirai ƙarƙashin John Jacob Astor na uku ya leƙa littattafan baitulmali na 'yan sa'o'i ya fito ya ce komai lafiya lau. Kowa a birnin ya san ana sata, amma sani daban hujja daban.

Hujjar ta fito ne daga cikin gida. James O'Brien, wani tsohon jigon Tammany da suka ɓata da Tweed a kan kuɗi, ya samu kwafin lissafin da wani akawu ya kwafo a ɓoye daga ofishin Connolly, ya kai wa jaridar New York Times. A watan Yuli 1871 jaridar ta fara buga alƙaluman, suna da adadi, rana bayan rana. A cikin watan ne kuma, ranar 12, aka yi mummunan rikici tsakanin 'yan Ayilan Katolika da masu jerin gwanon Furotesta, sojoji suka buɗe wuta, mutum sama da 60 suka mutu, masu kuɗin birnin suka daina ganin Tammany a matsayin mai iya riƙe talakawa. Bankunan Turai suka ja baya daga ba birnin bashi. Manyan gari suka kafa kwamitin mutum 70. Lauya Samuel Tilden, wanda shi ma ɗan Democrat ne, ya bi sawun kuɗin ta asusun banki har ya nuna yadda suke faɗawa aljihun Tweed.

A wannan tsakani ne Nast ya yi aikin da ya sa har yau ake ambatonsa. Shafin jarida cike da lambobi mutum nawa zai karanta? Nast ya mayar da lambobin siffa. Tweed ƙaton mutum ne mai tumbi da dogon hanci da ƙananan idanu, yana kuma maƙala wani ƙaton lu'ulu'u a gaban rigarsa. Nast ya kama waɗannan ya yi ta maimaita su mako bayan mako. A watan Agusta ya zana 'yan ƙungiyar sun yi da'ira, an tambaye su wa ya saci kuɗin jama'a, kowa yana nuna na kusa da shi da yatsa. A Satumba ya mayar da su ungulaye a kan dutse, sun tattake gawa, ƙasusuwa warwatse a gabansu, suna jiran hadari ya wuce. A Oktoba ya yi wanda na fi so in nuna wa ɗalibai: mutum tsaye, hannuwa cikin aljihu, tumbi gaba, lu'ulu'u yana walƙiya, amma a maimakon kai jakar kuɗi ce mai alamar dala. Babu ido, babu hanci, kuma duk wanda ke New York ya san ko wane ne. Wanda ya san aikin zambon makaɗan fada zai gane wannan nan take: makaɗi ya laƙaba wa abokin hamayyar ubangidansa wata siffa, ya yi ta nanatawa, har ta kai ko sunan mutumin aka ambata siffar ce ke fara faɗo wa mai ji.

Ana gab da zaɓen Nuwamba ya fitar da mafi girmansu, shafi biyu cur. Filin wasan Rumawa na dā, damisa ta danne wata mace mai wakiltar jamhuriya tana yagarta, akwatin zaɓe a fashe a gefe, Tweed kuma zaune a sama cikin shigar sarkin Rum yana kallo. A ƙasa an rubuta tambayar da ake cewa Tweed ya taɓa jefa wa masu sukarsa: to me za ku iya yi? Damisar ba ƙirƙirar Nast ba ce. Tambarin ƙungiyar 'yan kwana-kwana ce da Tweed ya jagoranta yana saurayi, Nast ya ɗauko abin alfaharin mutum ya mayar masa da shi abin tsoro.

Ana danganta wa Tweed cewa bai damu da abin da jaridu ke rubutawa ba tunda mutanensa ba su iya karatu ba, amma a tsayar da hotunan nan domin suna gani. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, abin da suka aikata ya nuna zafin ya kai musu. Sun janye littattafan kamfanin Harper daga makarantun birnin, ciniki mai tsoka, don a tilasta wa kamfanin ya rufe bakin ma'aikacinsa. Fletcher Harper, wanda ke kula da mujallar, ya tsaya kai da fata bai bari an taɓa Nast ba. Ina ganin ba a ba wannan mutum haƙƙinsa a labarin. Mai zane komai jarumtarsa, idan mai jarida ya ji tsoro, zanen a aljihun tebur zai kwana. Albert Bigelow Paine, wanda ya rubuta tarihin Nast, ya ce an aiko wani ma'aikacin banki ya yi masa tayin dala 100,000 ya tafi Turai ƙaro ilimin zane, Nast ya yi ta ja har tayin ya kai 500,000 sannan ya ƙi. A wannan lokaci ne kuma ya kwashe iyalinsa daga New York ya koma Morristown a jihar New Jersey.

A zaɓen 1871 'yan takarar Tammany suka sha ƙasa. Sai dai Tweed da kansa, duk da an riga an kama shi an ba da belinsa, mazaɓarsa ta sake zaɓensa sanatan jiha. Mutanen da ake cewa hoto ne kawai zai farkar da su sun ga hoton, sun kuma zaɓi wanda ya kawo musu kwal. Waɗanda zanen ya fi motsawa su ne masu ɗan hali da ke sayen mujalla, waɗanda dā ba su damu da fita zaɓe ba. Shari'ar farko ta watse ba hukunci, a ta biyu cikin Nuwamba 1873 aka yanke masa shekara 12, kotun sama ta ce hukuncin ya zarce ƙa'ida aka sake shi a 1875, nan take aka sake kama shi kan ƙarar neman dala miliyan 6. Connolly da Sweeny sun gudu ƙasar waje, Hall kuwa ba a taɓa samunsa da laifi ba.

Batun gane shi da zane gaskiya ne. Ranar 4 ga Disamba 1875 aka raka Tweed daga kurkuku ya ziyarci iyalinsa, ya sulale. Ya bi ta Florida zuwa Kuba, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa Sifaniya. Jami'an Amurka sun riga sun gano jirgin da ya hau, abin da ba su da shi a hannu shi ne hoton da za su ba hukumomin Sifaniya. Sai aka yi amfani da wani zanen Nast na 1876, inda Tweed ke sanye da kayan fursuna ya cafko wasu yara biyu a wuya. A tashar Vigo aka kama shi cikin Satumba 1876, har aka ruwaito cewa waɗanda suka kama shi, da yake ba su jin Turanci, sun zaci ɓarawon yara ne. Ya mutu a kurkukun titin Ludlow ranar 12 ga Afrilu 1878. Tammany kuwa ba ta mutu ba. Ta sake shugaba, ta dawo mulki cikin 'yan shekaru, ta ci gaba da juya siyasar New York har tsakiyar ƙarni na 20.

Sauran gadonsa kana ganinsa duk lokacin zaɓen Amurka. Giwar da ta zama alamar jam'iyyar Republican ta kafu ne daga zanensa na 7 ga Nuwamba 1874, inda jaki sanye da fatar zaki ya firgita dabbobin daji, giwa mai ɗauke da sunan ƙuri'ar Republican ta nufi bakin rami a rikice. Jakin Democrat ya girme shi, tun zamanin Shugaba Andrew Jackson ake amfani da shi, amma Nast ne ya yi ta maimaitawa daga 1870 har ya zauna. Haka siffar Santa Claus, tsohon nan mai tumbi da farin gemu na bikin Kirsimeti, shi ya daidaita ta cikin zane fiye da 30. Na farkon, a Janairu 1863, farfagandar yaƙi ce tsagwaronta: tsohon yana raba wa sojojin Arewa kyauta, yana riƙe da 'yartsanar Jefferson Davis, shugaban 'yan tawayen Kudu, da igiya a wuya.

Akwai ɓangaren da ba zan ɓoye maka ba, domin duk wanda ya yabi Nast ya tsallake shi bai yi adalci ba. Mutumin ya tsaya wa baƙar fata a lokacin da hakan ba abin yayi ba ne. Ya zana ta'addancin Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu farautar baƙar fata, ba sassauci. A 1869 ya zana teburin cin abinci inda baƙar fata da Basine da ɗan asalin ƙasar da Bature ke zaune tare, a 1871 kuma ya kare Sinawa 'yan ci-rani daga masu neman korarsu. Amma hannun nan dai shi ne ya yi shekaru yana zana 'yan Ayilan da fuskar biri, kwalbar giya a hannu, kulki a ɗaya hannun. A Satumba 1871, daidai lokacin da yake yaƙar Tweed, ya zana limaman Katolika suna rarrafowa daga ruwa, dogayen hulunansu sun zama bakunan kadoji, suna nufar 'yan makaranta. Masu kare shi suna cewa ya ga tarzomar 1863 a New York, inda gungun da yawancinsu 'yan Ayilan ne suka kashe baƙar fata suka ƙona gidan marayunsu, kuma yana adawa ne da ba makarantun coci kuɗin gwamnati. Wannan yana bayyana inda ƙiyayyar ta samo asali, amma ba ya wanke ta. Tweed mutum ɗaya ne da ya yi sata, akwai lissafin da ya tabbatar. 'Yan Ayilan al'umma ce, kuma dabarar maimaita siffa har ta manne ta yi aiki a kansu kamar yadda ta yi a kan ɓarawon, ba tare da wata hujja ba. Ko baƙar fatan da ya kare bai dawwama a kansu ba: a 1874 ya zana 'yan majalisar jihar South Carolina baƙaƙe cikin siffar wulaƙanci, a 1876 kuma ya ɗora baƙar fata da ɗan Ayilan a kan sikeli ya ce jahilcin ƙuri'arsu ɗaya ne. Saboda irin waɗannan zane ne ƙungiyar 'yan jarida ta Overseas Press Club ta cire sunansa daga lambar yabonta ta zanen barkwanci a 2018.

Haka ya yi wa Horace Greeley, editan da ya shafe rayuwarsa yana yaƙar bauta, don kawai ya tsaya takara da Shugaba Grant a 1872. Har zana shi ya yi yana musafaha da wanda ya kashe Lincoln a kan kabarin Lincoln. Greeley ya faɗi zaɓe, matarsa ta rasu ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'a, shi ma ya bi ta kafin watan Nuwamba ya ƙare. Nast yana ƙaunar Grant ƙauna mai rufe ido, shi ya sa badaƙalar cin hanci da ta dabaibaye gwamnatin Grant ba ta samu ko kusa da zafin da Tammany ta sha a hannunsa ba.

Faɗuwarsa ta zo a hankali. Fletcher Harper ya rasu a 1877, editan mujallar George William Curtis kuma mutum ne mai son lallashi, suka yi ta saɓani kan abin da za a buga. Mujallar Puck ta Joseph Keppler ta fito da zane mai launi da raha, masu karatu suka karkata can. Da aka sauya hanyar buga hoto aka daina sassaƙa katako, layin Nast ya fito a bushe, domin ashe masassaƙan nan suna ƙara masa armashi. A 1884 ya juya wa jam'iyyarsa baya ya goyi bayan Grover Cleveland a kan James Blaine, wanda yake gani maciyin hanci ne, tsofaffin masoyansa da yawa suka yi fushi. A shekarar ce kuma ajiyarsa ta narke a rushewar kamfanin hada-hadar kuɗi na Grant da Ward. Ya bar Harper's a ƙarshen 1886. Mujallar da ya kafa da sunansa a 1892 ba ta yi ƙarko ba. A 1902, bashi ya yi masa katutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya naɗa shi ƙaramin jakada a Guayaquil ta ƙasar Ekwado, garin da zazzaɓin shawara ke yi wa ɓarna. Bai cika wata biyar a can ba cutar ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Disamba 1902 yana da shekara 62.

Littafin Paine ya fito a 1904, kuma yawancin labaran masu daɗi da ake yawo da su, har da na toshiyar bakin nan, daga bakin Nast da kansa marubucin ya ji su. Zanen kuwa suna nan yadda aka buga su, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa da yawa a intanet kyauta. Idan za ka duba, ka buɗe na ungulaye da na kadoji tare, domin mako guda ne tsakanin fitowarsu.